Gado Mai Gahawa da Ɗan Farinsa

A Maiyama, a shekarun da komai na hukuma sai an je Sakkwato, in baƙo ya tambayi gidan Gado sai a ce masa, "Wane Gado? Mai shan ɗaci?" Daga nan a nuna masa zauren da ke bayan masallacin unguwa, a ce in da safe ne ya bi hancinsa kawai. Gado asalinsa mutumin Sarandosa ne, manomi ɗan manomi, mai gero da dawa da ɗan fegin albasa a fadama. Shi ba malami ba, shi ba attajiri ba, ba ya kuma cikin masu faɗa a ji. Abu ɗaya ne ya raba shi da sauran magidanta, ita ce gahawar da yake tacewa kowace safiya, wadda duk garin babu mai shanta sai shi.

A wurin Turawa ya koyo ta. Lokacin da wani kamfani ya zo aikin titin da ya taso daga Jega ya ratsa Maiyama, Gado ya je neman aikin lebura da rani, aka ga mutum ne mai tsabta, aka mai da shi kicin. A cikin Turawan akwai wani tsoho mai jan hanci, wanda ba ya amsa gaisuwar kowa sai ya sha gahawa, kuma ba ya yarda a dafa masa ita kamar shayi. Sai dai a zuba garin a mataci, a riƙa tsiyaya masa ruwan zafi a hankali. Gado ya sha tsawa kafin ya iya. Wata rana ya kurɓi ragowar, ya yamutsa fuska, washegari ya sake kurɓa, shi ke nan ta kama shi. Da aiki ya ƙare Turawa suka naɗe kayansu, tsohon ya bar masa wata butar ƙarfe mai siririn baki. Ya koma gona da butar, da kuma jarabar da ba a sayar da kayanta a kasuwar Maiyama.

Direbobin albasa na Aliero su suka rufa masa asiri. In sun sauke kaya a Kurmi za su juyo, sai ya roƙi su sayo masa 'ya'yan gahawa ɗanyu, su zo masa da su a ƙulle cikin leda, a cuse tsakanin huhunan goro. Shi da kansa yake soya su a kasko a kan garwashi, yana juyawa ba ƙaƙƙautawa har su yi duhu su fara ƙara. Ya daka a ƙaramin turmi, ba lilis ba, ɗan ɓarzo-ɓarzo kamar tsaki. Matacin kuwa matarsa Gudiya ce ta ɗinka masa da ƙyallen akoko, ya lanƙwasa waya ya yi masa baki da mariƙi. In ruwa ya tafasa ba ya zubawa nan take, sai ya sauke butar ta ɗan huce. Ya ɗiga kaɗan, garin ya jiƙa ya kumbura yana kumfa kamar ƙullin masa, ya dakata. Sa'an nan ya fara tsiyayawa, siririn ruwa, yana kewayawa daga tsakiya zuwa gefe. A wannan lokacin ko gobara ake yi Gado ba ya ɗaga kai, don ya ce in hannu ya tsaya ko ya yi gaggawa, gahawar ta ɓaci.

Maƙwabcinsa Kalilu tela, wanda suke zaman zaure tare, sau ɗaya ya taɓa ɗanɗanawa. Ya furzar, ya kurkure baki, ya ce, "Gado, wane zunubi kay yi da kaka azabtar da kanka haka? In ɗaci kaka so, ga maɗaci can banza bakin hanya, ba sai an ɗauko maka daga Kurmi ba."

Gado ya yi dariya ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Bai damu da tsiyar Kalilu ba, bai damu da yaran da ke leƙe suna toshe hanci ba. Mutum ɗaya ne a duniya yake so ya zauna kusa da shi su sha tare, kuma shi ne mutumin da ba ya iya ko kiran sunansa.

Almu ne, ɗansa na fari. Kowa ya san kunyar ɗan fari, uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Amma mutane da yawa suna yi ne suna sassautawa, in ido ya kau su ɗan taɓa kan yaron. Gado shi bai san sassauci ba. Haka ubansa ya yi masa a Sarandosa, shi kuma ya ɗauka ya ƙara gishiri. Tun da aka yaye Almu aka kai shi Birnin Malam wurin kakarsa ta wajen uwa, can ya yi karatun allo, can ya yi wayo. Sai da ya zama saurayi ya dawo gidan ubansa, dogo, mai shiru-shiru, mai aiki kamar ba ya gajiya. Ya tarar da ƙaninsa Isa yana hawa kafaɗar uban yana ja masa gemu. Shi kuwa sunansa a bakin Gado "wancan", in abin ya yi daɗi "yaron ga".

To, ba rashin so ba ne. Allah ya sani, duk cikin 'ya'yan babu wanda Gado yake ji har cikin ƙashinsa kamar Almu. In yaron yana huɗa a gona, uban yakan tsaya a bayan kuka ya yi ta kallonsa yana jin daɗi, da ya juyo sai ya shiga duban sama kamar mai neman hadari. Ya kuma lura da wani abu. Duk safiya in ya fara soya gahawa, sai Almu ya samo wani ɗan aiki a ƙofar zaure, yau gyaran ƙotar fartanya, gobe tufkar igiya, ya yi ta jan aikin har a gama tacewa. Yaron yana son ƙamshin, ko kuwa yana son zama kusa da uban ne, Gado bai sani ba. Ya sha shirya maganar a ransa, kalma ce ƙanƙanuwa, zo ka ɗanɗana. Amma duk ranar da ya buɗe baki, abin da ke fitowa shi ne, "Kai, rana ta yi, gona na jira." Almu ya ce to, ya saɓa fartanya ya wuce.

Ana nan, wani dillalin albasa na Aliero, Alhaji Jibrilla, ya ga hankalin Almu a wurin awon kaya, ya ce yana neman yaro mai amana da zai zauna masa a Ibadan, wato Badun, ya riƙa karɓar lodi. Ɗan fari ba ya tunkarar ubansa da irin wannan magana, don haka Almu ya je wurin Rufa'i, ƙanin uban.

Ya ce, "Bappa, ni ba tahiyar ad damuwata ba. In Baba yac ce in zamna, wallahi zamnawa za ni yi. Amma don Allah kak ka hwaɗa mai haka. So nika yi shi hwaɗi da bakinai."

Rufa'i ya yi alkawari. Kuskuren da ya yi shi ne ya kawo maganar da yamma, lokacin da zauren ke cike, ga Kalilu, ga liman, ga wasu dattawa biyu. Da Gado ya ji an ce Ibadan, ya so ya ce a'a nan take. Amma idanu na kansa, kuma dattijo ba ya nuna zaƙuwa a kan ɗan farinsa a gaban jama'a. Ya kakkaɓe hularsa ya ce, "Mi ag gamina da zancenai? Ɗanku na. Abin da kunka gani shi za a yi."

Rufa'i ya so ya buɗe masa ƙofa. Ya ce, "Yaya, damana na tahe hwa. Ba ka bukatatai gona?"

Gado ya ce, "Ga Isa nan."

Dattawa suka gyaɗa kai, liman ya ce haka manya suke. Maganar zaure kuwa ba ta kwana a zaure. Kafin magariba Almu ya ji cewa ubansa ya ce ga Isa nan, ya shiga ɗaki ya fara haɗa kayansa.

Ranar tafiyar, Gado ya tashi da niyya. Ya ce a ransa yau kam sai ya yi magana, in ma bai iya cewa a fasa ba, ai ya zaunar da yaron su sha abu tare, ya gane da kansa. Ya auna garin gahawa ninki biyu. Ya jiƙa, ya jira ya kumbura, ya fara tsiyaya ruwa ke nan sai ga Almu da jakarsa, ya durƙusa a bakin zaure.

"Baba, za ni tahi. Mota ta iso."

Hannun Gado na kewaya mataci. Da ya ajiye butar nan da me zai faru? Gahawa ce za ta ɓaci, gahawar kwana ɗaya. Amma tsiyayar ta zame masa maɓoya, ya kafa ido a kan ruwan, don ya san in ya ɗago fuskarsa za ta tona shi. Ya ce a ransa bari in ƙarasa. Da bakinsa kuma ya ce, "To. Allah shi kiyaye."

Almu ya ɗan jima a durƙushe. Direba ya danna oda daga bakin titi. Kafin ruwan ƙarshe ya gama ɗiga, wurin da yaron ya durƙusa babu kowa. Gado ya zauna ya shanye gahawar mutum biyu shi kaɗai, don bai iya zubar da abu ba, ya wuni zuciyarsa na dukan uku-uku. Gudiya ta tambaye shi lafiya, ya ce garin ne ya yi masa yawa.

Almu ya zauna a Ibadan, ya yi gaskiya, Allah ya buɗa masa daidai gwargwado. Ya auri Rahinatu, 'yar wasu mutanen Jega da ke zaune a can, suka fara tara iyali. Tun watan Almu na farko a can Gado ya daina roƙon direbobi, don kusan duk motar da ta juyo sai an miƙo ƙunshin 'ya'yan gahawa, zaɓaɓɓu, an tsince tsakuwa da ƙwari. Ba saƙon baki, sai dai direba ya ce, "An ce a kai gida." Gado ya karɓa, ya shinshina, ya shiga cikin gida ya ce wa Gudiya, "In kin samu mai zuwa, a ce ma wancan an gani." Iyakar zancensu ke nan shekara da shekaru. In Almu ya zo Sallah, ya durƙusa daga nesa ya gaishe shi, a tambayi hanya, a tambayi mutanen Kurmi, ya tashi ya tafi wurin uwarsa, inda ake jin dariyarsa har zaure. Wannan dariyar tana yi wa Gado daɗi, tana kuma yi masa ciwo.

Tsufa ya zo masa da wuri. Ido ya rage, hannun dama ya fara rawa, har suyar ta koma wurin Gudiya, wadda take yi tana mita cewa hayaƙin na sa ta tari. Tsiyayar dai bai bar wa kowa ba, sai ya tallafe hannun da na hagu. Isa ya girma ya kama gonar, ya kuma tsani gahawa kamar yadda ya tsani allura.

Wata shekara bayan kaka, Gado da Rufa'i suka je ta'aziyya Karaye. Wani abokinsu ne ɗansa na fari ya rasu, magidanci, ya bar 'ya'ya. Suka tarar da uban zaune a kan tabarma yana amsa gaisuwa da busasshen ido, in an ce ya haƙuri sai ya ce, "Ku za a yi ma gaisuwa, ɗanku na." Kowa ya yaba dauriyarsa. Amma da Gado ya zagaya bayan gida zai yi alwala, ya tarar da mutumin ya riga shi zuwa, ya kifa kansa a jikin rumbu, kafaɗunsa na girgiza. Gado ya juyo a hankali, bai yi alwalar ba.

Suka kamo hanyar gida har suka yi nisa. Can Gado ya ce, "Rufa'i, wancan da yat tahi Badun, son tahiyar shika yi ko?"

Rufa'i ya tsaya. Shi ma ya tsufa, alkawarin ya daɗe yana yi masa nauyi. Ya ce, "Yaya, yau kam sai in hwaɗa maka. Ba shi so. Ce min yay yi in kac ce shi zamna, zamnawa za shi yi. Bakinka kawai shika jira. Ni kau nib biɗe ka da zancen gona, kac ce ga Isa nan."

Gado ya ratse daga hanya. Ya nemi gindin wata bedi ya zauna, ya daɗe yana kallon ƙasa. Baƙin cikin da ya shige shi ranar bai taɓa jin irinsa ba, ko ranar da ubansa ya rasu. Bai ga laifin Rufa'i ba, bai ga laifin mutanen zaure ba. Ya san babu wanda ya riƙe masa harshe. Da-na-sani ƙeya ce, amma ya yi wa kansa alkawari cewa duk ranar da Allah ya kawo yaron, ba zai sake ɓoyewa a bayan buta ba.

Bikin A'i, autar gidan, shi ya kawo Almu. Ya zo da matarsa da 'ya'ya, ya yi ƙiba, furfura ta fara tsirowa a gemunsa, mutane na ce masa Alhaji. Wannan ne zuwansa na ƙarshe da ya tarar da uban da rai, ko da yake a lokacin babu wanda ya sani. Gado ya bari aka kai amarya, baƙi suka watse. Washegari da safe ya sa Gudiya ta soya masa sabuwar gahawa, ya aro kofinta na tangaran da take adanawa a cikin kwalla, ya shimfiɗa tabarma mai faɗi. Ya tace a hankali, hannu na rawa, ruwa na ɗan zuba a gefe, ya gama tsaf ya ajiye butar can nesa da shi. Sa'an nan ya zauna yana jira.

Almu ya zo gaisuwa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin zaure inda ya saba.

Gado ya ce, "Almu."

Sunan ya fito kamar ba na bakinsa ba. Almu ya ɗago da sauri, ya dubi uban, tsoro ya bayyana a fuskarsa.

"Na'am, Baba. Lahiya? Ko jikin na? In ɗauko mota mu tahi asibiti Jega?"

"Lahiya lau nike. Taho ka zamna nan." Ya dafa tabarmar kusa da shi, ya tura kofin gaba. "Ga shi, ka sha."

Almu ya matso da gwiwoyinsa, bai taka tabarmar ba. Ya sa hannu biyu ya karɓi kofin, kansa a sunkuye.

"Zamna mana," in ji Gado.

"A'a, Baba, wane ni. An gode."

Ya ja da baya, ya miƙe, ya fita da kofin. Ɗa mai tarbiyya ba ya ci ba ya sha a gaban ubansa, balle ya haɗa tabarma da shi. Ya zagaya bayan zauren ya tsuguna a gindin bango. Gado yana jin motsinsa, bango ɗaya ne tsakaninsu, yana jin yadda yake hura gahawar yana kurɓa kaɗan-kaɗan. Ya so ya tashi ya bi shi can ya tsuguna kusa da shi. Amma ya san in ya je, Almu tashi zai yi tsaye, ya ɓoye kofin a bayansa.

Ana haka Kalilu ya iso yana dogara sanda, ya ga Almu a bayan bango, ya shigo ya zauna a wurin da aka shimfiɗa wa wani. Jim kaɗan Almu ya dawo da kofin a wanke, ya ajiye a gefen tabarma, ya durƙusa.

"An gode, Baba, Allah shi ƙara girma. Akwai aike?"

Gado ya dube shi, wannan karon bai kau da ido ba. Almu ne ya kau da nasa.

"Babu," in ji Gado. "Allah shi yi ma albarka."

Almu ya ce amin, ya sa takalminsa ya shiga cikin gida. Kalilu ya bi shi da kallo yana gyaɗa kai, ya ce, "Kai, Gado, ka ji daɗinka. Mutum da gemunai, da iyalinai, ana ce mai Alhaji, amma ko ruwa ba shi iya sha gabanka. Yaran yanzu ina sunka san wagga kunya? Wa ak koya mai haka?"

Gado ya ɗauki nasa kofin, ya mayar ya ajiye bai sha ba. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba, bai kuma damu da Kalilu na gani ba.

Ya ce, "Ni nik koya mai."